Kafin Ka Zargi Dikoda, Ɗaga Kai Ka Dubi Eriya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Ana tsakiyar labaran dare, sai hoto ya tsaya cak. Fuskar mai karanta labarai ta kakkarye, murya ta riƙa yankewa, can sai allo ya yi baƙi ya rubuto "No Signal". Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu kashe dikoda mu kunna, mu ɗan bubbuga ta, washegari a saka ta a leda a nufi shagon mai gyara. To a yau ina so in nuna muku cewa sau da yawa dikodar nan lafiyarta ƙalau. Ciwon yana can sama, tsakanin bakin gora da wayar da ta sauko ɗaki.

Mu fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Mai dish yana karɓar hotonsa ne daga tauraron ɗan adam da ke can sararin samaniya, nisan kusan kilomita 36,000. Mai eriya kuwa, irin wannan mai haƙarƙari da kuke gani a bakin gora, hotonsa daga nan ƙasa yake zuwa, daga wata doguwar hasumiyar ƙarfe da aka kafa a garinsu ko kusa da shi. Maganarmu ta yau a kan mai eriya take.

A shekarar 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka ƙulla yarjejeniya a Jeniba, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, cewa za a bar tsohon tsarin analog a koma dijital, aka sa wa'adin 17 ga Yuni 2015. Najeriya ba ta cika wa'adin ba. Sai 30 ga Afrilu 2016 aka ƙaddamar da gwajin farko a Jos, Abuja ta biyo baya a Disambar shekarar, Kaduna da Ilori a ƙarshen 2017, Legas da Kano kuma a 2021. Wannan tsarin shi ne FreeTV da NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, ke kula da shi. Kafin nan ma StarTimes, da ta shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, da GOtv da ta zo a 2011, sun riga sun saba mana da dikoda mai eriya. 'Yan uwanmu na Nijar kuma TNT suke kiran tsarin. Fasahar da ake aiki da ita sunanta DVB-T2, kuma idan talabijin ɗinka ko dikodarka ba ta jin wannan yaren, ko a gindin hasumiya kake kwana ba za ka ga komai ba.

Me ya sa aka yi wannan sauyi? A da, kowace tasha tana cinye layi guda mai faɗin megahaz 8 ita kaɗai. Yanzu ana matse hoto, a ɗaure tashoshi goma sha wani abu wuri ɗaya kamar damin dawa, a aiko su a kan layin nan guda. Ku riƙe maganar damin nan. Ita ce dalilin da ya sa wata rana za ka ga tashoshi da yawa sun ɓace tare, wasu kuma suna nan garau. Ba tashoshin ne suka rufe ba, dami ɗaya ne eriyarka ta kasa ɗaukowa.

Waɗanda suka yi zamanin analog za su tuna yadda hoto ke yin dishi-dishi kamar an watsa yashi, amma a haka ake kallon ƙwallo har a tashi. Dijital ba ta san wannan ba. Ga misali. A ce ruwa ya taɓa wasiƙa, wasu haruffa sun goge. Mai karatu gwani zai cike gurbin da kansa, ya karanta maka tsaf kamar ba abin da ya same ta. Haka dikoda take yi, domin an haɗo saƙon da ƙarin bayanai na gyaran kuskure. Amma idan gogewar ta wuce wani mizani, sai ta ajiye wasiƙar gaba ɗaya. Shi ya sa za ka iya shekara kana kallon hoto tangaran alhali a bakin rami kake. Ranar da ganyen bishiyar maƙwabci ya jiƙe, ko iska ta ɗan karkata gorar, sai ka faɗa.

Yanzu mu dubi yadda sigina ke tafiya. Siginar talabijin ta UHF, wadda ke tsakanin megahaz 470 da 694, tafiyarta ta yi kama da ta haske. Tana son miƙaƙƙiyar hanya, ba ta son dutse ko bene a gabanta, kuma ba ta bin lanƙwasar ƙasa sai kaɗan. Hasumiya mai tsawon mita 100 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana hango nisan kusan kilomita 41. Eriya mai tsawon mita 4 tana ƙara kusan kilomita 8 a kai, mai mita 9 kuma kusan 12. Idan ka lura, ƙarin ba shi da yawa a lissafi. Babbar ribar doguwar gora ita ce ta fitar da eriya daga inuwar rufin maƙwabta da tankunan ruwa da bishiyoyin darbejiya. Saboda wannan ne masu watsawa ke neman tudu, kamar yadda aka kafa ta Abuja a kan tsaunin Mpape. Kuma saboda wannan ne a gari mai duwatsu irin Jos za ka tarar gida biyu a unguwa ɗaya, na kan tudu yana kama komai, na cikin kwari yana fama. Mutumin da ke bayan Dutsen Dala, idan hasumiyar tana ɗaya ɓangaren, dole ya fi wanda ke fili wahala.

Eriyar ɗaki fa? Idan kana kusa da hasumiya za ta yi maka aiki. Amma rufinmu na kwano ne, kwano kuma mayar da sigina yake yi. Idan ba makawa, a sa ta a bakin tagar da ke fuskantar hasumiya.

Ita kuma wannan eriya mai haƙarƙari, ƙirar wasu injiniyoyin Japan biyu ce, Yagi da Uda, tun 1926. Tsawon sandunanta ba ado ba ne. A megahaz 600 tsawon zangon sigina rabin mita ne, sandar da ke kamawa kuma kusan rabin wannan, wato taƙi ɗaya da 'yan kai. Gefen da sanduna suka fi gajarta shi ne gaba, shi ake nuna wa hasumiya. Ragar ƙarfen ita ce baya. Na sha ganin an ɗaura ta a juye. Haka kuma wata hasumiyar tana son sandunan a kwance, wata a tsaye. Idan ba ka sani ba, dubi eriyar maƙwabcin da kuke dikoda iri ɗaya kuma hotonsa yake fita, ka kwaikwaye shi.

Wajen saiti sai mutum biyu, ɗaya a sama ɗaya a gaban allo. Ku shiga menu inda ake nuna layi biyu. Ɗaya an rubuta Strength, wato ƙarfi, ɗaya Quality, wato inganci. Na biyun shi ne abin kallo. Ƙarfi yana gaya maka yawan abin da ke shigowa ne kawai, har da hayaniya. Inganci ne ke gaya maka ko dikoda tana gane maganar. Na sama ya juya gorar kaɗan, ya tsaya ya ƙirga biyar, domin layin ba ya motsi nan take. Gaggawa ce ke sa a wuce daidai wurin ba a sani ba.

Sai waya, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ita ce aka fi rainawa. Wata damina gwaggona ta kira ni tana cewa, "Ɗana, zo ka duba mini akwatin nan, da an yi ruwa sai ya ɗauke." Kafin in je har ta canja dikoda, kuɗin da ta tara na sana'ar ƙuli-ƙuli, domin mai shagon ya ce mata tsohuwar ta ƙone. Abin ya ɓata mini rai matuƙa. Da na hau sama, sai na tarar wayar guntaye biyu ce aka murɗe da hannu aka naɗe da baƙar leda. Ina kwance ledar, ruwa mai tsatsa ya zubo mini a tafin hannu, jan ƙarfen ciki ya koma kore. Muka sayo sabuwar waya guda ba haɗi, muka sa mata kan ƙarfe mai zare, muka naɗe da tef. Muka jona tsohuwar dikodar da aka ce ta mutu, layin inganci ya haye kusan ƙarshe.

Ga yadda cikin wayar nan yake. Akwai tsinken jan ƙarfe a tsakiya, sai farin roba, sai saƙar siraran wayoyi da ta kewaye shi. Tsinken ne ke ɗauke da sigina, saƙar kuma garkuwa ce daga hayaniyar janareta da babura. Silin saƙar nan guda ɗaya idan ya taɓa tsinken tsakiya, ya isa ya kashe hoto. Ruwan sama shi kansa ba ya cutar da siginar UHF sosai kamar yadda yake yi wa dish. Idan hotonka na ɗaukewa duk lokacin ruwa, ka fara zargin waya. Ku nemi mai kauri, irin RG6, kada ta fi tsawon da ake buƙata, kuma kafin ta shiga bango a ɗan lanƙwaso ta ƙasa yadda ruwa zai ɗiga a waje maimakon ya bi ta zuwa ɗaki. Idan kuma ka raba waya ɗaya wa talabijin biyu, kowanne ƙasa da rabi zai samu.

Busta kuma, ni ban cika ba da shawararta ba. Tana ƙara wa abin da eriya ta kamo ƙarfi ne, mai kyau da maras kyau. Amfaninta shi ne inda waya ta yi tsawo ko aka rarraba ta, kuma a sama kusa da eriya ake sa ta. Wanda ke kusa da hasumiya idan ya sa busta, toshe wa dikoda kunne zai yi. Haka wanda ke dab da turken kamfanin waya, domin layukan megahaz 700 da 800 da talabijin ta bari an ba masu 4G, tsohuwar busta kuma har su take kwasowa.

Don Allah, ina roƙonku, kafin a ɗaga gora ko bututun ƙarfe a dubi wayar lantarki tukuna. A bar tazarar da ko gorar ta faɗi ba za ta kai gare ta ba. Kada a hau rufi da hadari a sama, kada a tura yaro. Idan ana tsawa, a zare wayar eriya daga bayan dikoda.

Wani lokaci kuma laifin ba na gidanka ba ne. Hasumiya ma wuta take sha, ana kuma kashe ta don gyara. Har yanzu akwai garuruwa da dama da tsarin bai kai ba sam, don haka kafin ka sayi dikoda ka tambaya ko akwai mai kama ta a unguwarku. Idan hoto ya ɗauke kwatsam a rana tsaka ba iska ba ruwa, leƙa gidan maƙwabci. In nasa ma ya ɗauke, to ka bar rimot ya huta. Kada ka yi sacin, wato sa dikoda ta sake neman tashoshi, a wannan lokacin, domin yawancin dikodoji suna goge tsohon jerin tashoshi kafin su nemo sabo, sai ka tashi ba ko ɗaya. Jira sai maƙwabci ya ce nasa ya dawo, idan wasu tashoshin ba su fito ba, sannan ka yi sacin sau ɗaya.