Lacca: Idan Kompaila Ta Ƙi Karɓar Fayil ɗin Heda

Jama'a, barkanmu da war haka. Roƙona gare ku guda ɗaya ne: idan allo ya cika da saƙonnin kuskure, kada ku yi saurin taɓa rubutun shirinku. Ku fara gano wa ke ƙorafin. A C da C++ aikin hawa uku ne. Mai share fage yana bin kowane layin #include, ya kwaso heda, wato fayil mai .h da aka ambata a layin, ya liƙa a wurin. Kompaila ta juya abin zuwa fayil mai .o, sannan linka ya ɗinke fayilolin .o su zama shiri guda. Kowanne da irin kukansa, kuma kuskuren farko kaɗai za ku karanta. Sauran galibi 'ya'yansa ne.

In kun ga "No such file or directory" a gaban sunan heda, ba a san inda za a neme shi ba ne. Sunan da ke cikin alamar zance ana fara dubansa a folda ɗaya da fayil ɗin da ya kira shi, wanda ke tsakanin < da > kuwa sai a hanyoyin da aka bayar da -I da na tsarin na'ura. A Ubuntu, samun laburaren OpenSSL bai isa ba, sai an saka kunshin libssl-dev mai ɗauke da hedojinsa kafin openssl/ssl.h ya bayyana. Ku kula da manya da ƙananan haruffa: Windows ba ta damu ba, amma a Linux Config.h daban, config.h daban.

Inda mutane suka fi ɓata lokaci shi ne "multiple definition of". Sai ka ga mutum ya ce ai na sa #ifndef, na sa #pragma once, me kuma ya rage? To, wannan garkuwar tana hana heda shiga sau biyu ne a cikin fayil .c guda. Ba ruwanta da fayiloli biyu daban. Idan ka rubuta int adadi; a heda, fayiloli uku suka kira shi, kowanne ya samu nasa adadi, linka kuma ya rasa wanda zai ɗauka. A da kompailar GCC tana kawar da kai a shirye-shiryen C, amma tun GCC 10 ta 2020 da aka mayar da -fno-common tsarin asali, tsofaffin shirye-shirye da dama suka daina haɗuwa. Maganin: a heda ka rubuta extern int adadi, sannan ka rubuta int adadi; a fayil .c ɗaya tak. Ƙara -fcommon rufa-rufa ce kawai, ban ba ku shawararsa ba.

"Undefined reference to" kuwa galibi ba laifin heda ba ne, linka ne bai samu laburaren da ke ɗauke da abin da aka kira ba. Ku duba -L mai nuna foldar laburare da -l mai nuna sunansa, kuma -lm ta laburaren lissafi ta zo bayan fayilolinku, ba gabansu ba. Idan C++ ke kiran C, a nemi extern "C".

Wani ya yi tambaya daga baya: ya gyara heda amma babu abin da ya canza. Wannan aikin Makefile ne, fayil ɗin da ke gaya wa manhajar Make yadda za ta haɗa shiri. Make ba ta san cewa main.o ya dogara da heda ba sai an gaya mata. A ƙara -MMD -MP, a shigo da fayilolin .d da suke samarwa cikin Makefile da -include. A CMake kuma, wato manhajar da ke tsara ginin shiri, CMakeCache.txt na riƙe tsohuwar hanyar kompaila da ta laburare. Share foldar ginin gaba ɗaya ya fi yi mata kwaskwarima. Haka nan in ka sa PRIVATE a target_include_directories alhali wani sashe na buƙatar hedan, PUBLIC ya kamata.

Kafin duk wannan, ku ga ainihin umarnin da ake bai wa kompaila. A ginin CMake, make VERBOSE=1 zai fito da shi. Ku kwafe layin, ku ƙara masa -H, za ta jero muku kowane heda da ta buɗe da cikakkiyar hanyarsa. Sau da yawa a nan ake gano cewa wani tsohon kwafi a /usr/local/include ne ya riga naku shiga.