Salaga, garin da muka baro

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu, 'yan'uwa na zangon Kumasi, Allah ya saka da alheri.

Yaranmu na makaranta sun san kurkukun bayi na Cape Coast da na Elmina, don ana kai su. Amma tambayi yaro ina Salaga take, sai ya tsaya yana kallonka. Alhali yawancinmu da ke zaune a nan, in aka bi salsala, sai an ratsa ta garin nan na ƙasar Gwanja, a arewacin Gana.

A can fataken Kano da Katsina da Barno suke sauke kaya bayan tafiyar watanni. Madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu, a koma da goron Asante cikin huhu, ana yayyafa masa ruwa a hanya kada ya bushe. Sarautar ƙasa tana Kpembe, kusa da garin, ciniki kuwa yana hannun masu gida da dillalai.

Me ya karya Salaga? A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya kwance, goro ya karkata zuwa Kintampo. Sai yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa ta. Mutane suka watse, wasu Yeji, wasu Karachi (wato Kete-Krachi ta nan Gana), wasu daga baya har nan da Ankara. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Karachi ya karantar har rasuwarsa a 1934. Tsohon garin Karachi ma yanzu ruwan Volta ya shanye shi.

Wanda ya je Salaga yau zai ga rijiyoyi birjik, an fafe su cikin marmara, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, sai ka yi hattara da ƙafarka. Akwai wurin da ake kira Wankan Bayi. Jama'a, kada mu sunkuyar da kai: nan ake wanke mutane, a shafa musu man kaɗanya, sannan a kai su kasuwa a yi cinikinsu. Bakin da ya yi cinikin goro, shi ya yi wannan. Ni ban yarda mu riƙa ba yara labarin goro mu ɓoye musu wannan ba.

Hanya kuwa ba ta gagara. Mota zuwa Yeji, a haye ruwa a jirgi zuwa Makango, sai Salaga. Shugabannin makarantun Islamiyya da ke nan, ku zauna da iyayen yara ku tsayar da ranar kai su Salaga kafin damina ta sauka.