Daga Yadakunya zuwa ƙofar gida: yadda bishara da jinya suka haɗa hanya

Ranar Asabar da la'asar, mata biyu 'yan Zumuntar Mata ta coci sun tsaya a ƙofar wani gida, zanensu iri ɗaya. Ɗaya na riƙe da fulas ɗin kunu, ɗaya da Littafi Mai Tsarki a jaka. "Gafaranku dai, masu gida!" Ba su tsallake zaure ba sai da aka ce su shigo. Maganarsu ta farko kuwa, "Baba, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Me ya sa gaisuwar mara lafiya ke riga wa'azi?

Tushen abin yana cikin Linjilar Luka sura 10. Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, ya ce su fara da yi wa gida sallama, su warkar da marasa lafiya, sannan su faɗi cewa Mulkin Allah ya matso. Amma a ƙasar Hausa akwai wani dalilin na tarihi.

A 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka aka daɗe ana taka wa 'yan mishan birki a masarautun Arewa. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne kuturta. A shekarun 1930, En'e-En'e suka amince mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya kula da sansanonin kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato.

A lokacin babu ƙwayar da ke kashe cutar. Allurar wani man itace ake yi, mai zafin gaske, ana maimaitawa wata da watanni. Kullum sai an wanke gyambo, an naɗe ƙafar da ta daina jin ƙaya ko wuta. Mutumin da aka ware wa ƙwaryar shan ruwa a gidansu, ga wani ya durƙusa ya kama ƙafarsa da hannu. Wannan ya shiga zukata fiye da kowace huɗuba. Wasu da suka warke sun koyi karatu da allura a sansanin, suka koma ƙauyukansu suna ba da magani suna kuma wa'azi.

Aikin ya ƙetara iyaka. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi a Nijar, garin nan da ya yi suna da albasa, kuma har yau yana karɓar marasa lafiya.

Shiga gida-gida kuwa ya yi ƙarfi a shekarun 1960 da shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya ce bishara ba aikin fasto kaɗai ba ce, manomi da tela da uwar gida duk su fita.

Akwai wurin da ya kamata a yi hattara, kuma ina faɗa da gaske. Magani ba tarko ba ne. Mara lafiya yana cikin rauni, wanda ya ɗora masa sharaɗi kafin ya taimake shi ya ci amana. Masu ziyarar da suka san aikinsu sukan tambaya tukuna: "Ko mu yi addu'a?" In an ce a'a, sai su ajiye kunun, su share ɗakin, su tambayi ranar komawa asibiti, don a samo wanda zai raka Baba.