Karen Maƙwabci a Gidan Haya: Daga Haushin Dare Zuwa Cizo

Assalamu alaikum masu kallo. Ku dubi wannan tsakar gidan. Ɗakuna takwas, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu, ƙofar shiga ɗaya tak. Irin gidan hayar nan ne da kowa ya sani a Yelwa ko Rumde Ajiya a nan Garwa. Sai ga sabon ɗan haya ya sauke kayansa, cikin kayan har da kare da sarƙa a wuya.

A faɗi gaskiya, ba kare kaɗai ke haɗa mutane faɗa ba. Akwai akuyar da ke cinye geron da aka shanya, da kajin da ke leƙa tukunya, da tantabarun da ba sa ganin farar shadda sai ranar Juma'a, ga ragon layya da aka saya da wuri yana kuka a bakin tagar mai aikin dare. Waɗannan ɓacin rai ne kawai, a ɗaure, a killace, a share, magana ta ƙare. Na kare ya fi haka nauyi, domin akwai rai a ciki.

Mu fara da abin da doka ta ce. Dokar farar hula da ake aiki da ita a wannan ɓangare na Kamaru, wadda aka gada daga Faransa, ta faɗa a sashe na 1385 cewa mai dabba, ko wanda take hannunsa yana amfani da ita, shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana tsare, ko ta kuɓuce, ko ta ɓata. Ke nan "ai sarƙar ce ta tsinke" ba ya fitar da mutum. Sashe na 1728 ya ɗora wa ɗan haya ya zauna a gida zama na mutunci, na 1719 kuma ya ɗora wa mai gida ya tabbatar wanda ya ba haya ya zauna lafiya. Don haka mai gidan da ya ce shi kuɗinsa kawai ya sani bai yi daidai ba.

To amma kada ka fara da kotu. Mutumin nan da shi za ku haɗu a famfo gobe da safe. Same shi shi kaɗai, ba a gaban mata da yara ba, ka faɗi abin da ya faru ƙarara: "Malam, jiya da magariba karen nan ya bi 'yar autata har bakin ɗaki. Don Allah a ɗaure shi da rana, kuma ina so in ga katin allurarsa." Sau da yawa a nan take ƙarewa, domin shi ma tsoron ɓarayi ne ya sa ya ajiye shi. In ya yi kunnen uwar shegu, sai a je wa mai gida, kuma ya fi kyau ku je ku biyu ko uku, kada a ce ƙiyayya ce tsakaninku. Daga nan jauro ko lawan, wato masu unguwa, sannan 'yan sanda ko jandarmomi. Wayarka ma shaida ce, ɗauki hoton karen yana sake lokacin da yara ke wasa.

Abin da ba za ka yi ba shi ne sa guba a nama ka jefa. A tsakar gidan da jarirai ke rarrafe? Ka tashi daga mai ƙara ka koma mai laifi.

Yanzu ga wurin da nake so ku saurara da kyau. Idan cizo ya auku, ko yakushi ne kawai, ku ajiye faɗan tukuna. A kai yaron famfo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 cur, a duba agogo, don minti 15 ya fi tsawo fiye da yadda ake zato in yaro na kuka. Ba toka, ba barkono, ba baƙin mai. Daga nan sai asibiti a ranar, a fara allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma a cika ta har ƙarshe. Cibiyar Pasteur ta Kamaru, mai binciken cututtuka, tana da reshe a nan Garwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mugun halinsa shi ne ciwon cizon kan warke, a manta, sai bayan makonni ko watanni mutum ya fara tsoron ruwa. Da zarar alamun sun bayyana, da wuya a tsira.

Shi kuma karen, kada matasan unguwa su rufe shi da duwatsu. A tsare shi, likitan dabbobi ya sa masa ido aƙalla kwana 10. In ya kai ƙarshensu lafiya lau, bai ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon ba. Amma fa ba a zaman jiran kwanakin kafin a fara allura.

Rigakafin karnukan kuwa yana aiki, an gani a maƙwabta. A Njamena, babban birnin Chadi, a shekarun 2012 da 2013, an bi unguwa-unguwa aka yi wa kusan kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin allura kyauta, haukan kare ya ja baya ƙwarai na wani lokaci.

Idan gida kake nema yanzu, tambayi maganar dabbobi tun kafin ka ba da kuɗin watannin farko, a rubuta amsar cikin takardar haya. In an ce akwai kare kuma yana da allura, ce a miƙo katin, ka duba ranar da aka yi ta ƙarshe da hatimin likitan.