Jawabin maraba ga Mai Girma Minista, daga bakin tsofaffin ma'aikatan majigi a Kaduna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Minista, iyayenmu sarakuna da hakimai, malamanmu, manyan baƙi 'yan rakiya, 'yan jarida, jama'a maza da mata.

Lale marhabin, ranka ya daɗe. Sannu da zuwa, sannu da hanya. Ba sai mun tsaya jero ayyukanka ba, domin labarinsu ya riga ka isowa Kaduna. Kowa ya san kai mai kunne ne, kuma hannunka ba ya nauyi wajen alheri. Ka bar manyan ayyuka a Abuja ka taka ƙafa zuwa wurin tsofaffi, wannan kaɗai ya ishe mu alfahari. Allah ya ƙara girma, Allah ya ja zamaninka.

Ranka ya daɗe, a yi mana afuwa, za mu saɓa wa al'ada. An saba ajiye koke sai ƙarshen jawabi, mu da shi za mu fara, saboda lokaci ya ƙure mana. Muna roƙon ɗaki ɗaya mai sanyi, wanda wutarsa ba ta yankewa, da na'urar da ke kwafe fim zuwa kwamfuta. Finafinan majigi, wato waɗanda ake yawo da su a mota ana haska wa jama'a a dandali, da suka rage a hannunmu suna ruɓewa cikin gwangwanayensu. Duk wanda ya buɗe ƙofar ɗakin da suke, warin tsami kamar na ruwan kal ne zai fara yi masa sallama. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Wannan wari alama ce cewa jikin fim ɗin ya soma narkewa. Daga nan sai ya takure, ya kanannaɗe, ya manne da juna, kuma tururin gwangwani ɗaya yana harbin na kusa da shi. Zafin bazara da laimar damina su ne abincin wannan cuta. Sanyi da bushewar iska suna rage mata gudu, amma abin da ta riga ta ci ya tafi ke nan.

Waɗanda suka rattaba hannu a wannan takarda, kaɗan ne daga cikinmu suka riƙe injin majigi a zamanin Jihar Arewa. Sauran 'ya'ya ne da jikoki na direbobi, da masu tayar da janareta, da masu sharhi, da waɗanda suka gaji aikin bayan an ƙirƙiro jihohi.

Yaran yanzu suna zaton fim ya shigo ƙasar Hausa ne a 1990, shekarar da aka yi Turmin Danya a Kano. Ba mu raina ƙoƙarin 'ya'yanmu na Kano ba, amma mun riga su da shekaru masu yawa. A 1939 Turawan Ingila suka kafa hukumar shirya finafinai domin ƙasashen da suke mulka, suka ɗora William Sellers a kanta, wani jami'in tsafta da ya daɗe a Ikko yana nuna wa jama'a fim a kan annoba da ɓeraye. Hukumar ta rufe a 1955, amma kafin nan aikin ya yi saiwa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi nata sashen fim a nan Kaduna, kuma daga nan garin motoci suke tashi su nufi Sakkwato, su nufi Borno, su gangara har Ilori da Binuwai.

Wanda bai ga shigar motar majigi ƙauye ba, da wuya ya gane abin da muke kuka a kai. Tun la'asar ake zuwa a yi gaisuwa a ƙofar hakimi ko dagaci, mai shela ya zaga gari. Bayan sallar isha a kafa farin ƙyalle a dandali, a tayar da janareta, yara su zube a gaba, dattawa a kan tabarmi, mata daga gefe. Mutumin da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba sai ga shi yana kallon dalar gyaɗa a Kano, da masunta suna rugawa cikin ruwa da goruna da homa a Argungu, da dawakin sarakunan Arewa a hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da bikin samun mulkin kai na Arewa a 1959. A nan ya fara ganin fuskar Sardauna tana motsi. A nan aka nuna masa yadda ƙudan tsando ke kawo ciwon barci da sammore, da dalilin da ya sa ake sare kurmin bakin rafi, da amfanin lamba a lokacin da agana take kashe yara. Yaƙi da Jahilci ma a bayan wannan mota ya shiga wasu garuruwan. Har gobe akwai tsofaffi a ƙasar Funtuwa da Gusau da Malumfashi da in ka ambaci fim ɗin Baban Larai za su yi murmushi su fara ba ka labarin noman auduga. Gani ya kori ji, kuma mu ne muka kai ganin har ƙofar gida.

Ba za mu ɓoye maka aibin finafinan nan ba, ranka ya daɗe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Turawan da suka fara aikin sun ɗauka ƙwaƙwalwar baƙar fata ba za ta iya bin fim mai sauri ba, shi ya sa suke jan hoto a hankali, suna maimaita labari ɗaya: ga mai hankali da ya bi maganar gwamnati ya yi arziki, ga wawa da ya ƙi ya tsiyace. Bayan tafiyarsu kuma, gwamnatin da ke kan mulki ita ce take fitowa a farin ƙyalle, 'yan adawa ba a ganinsu, mutanen jam'iyyar adawa ta NEPU sun sha faɗin haka kuma suna da gaskiya. Duk mun sani. Amma abin ɗaukar hoto ya kama fiye da abin da mai shi ya nufa. An zo ɗaukar darasin tsafta, sai ga ginin soro, da ɗaurin ɗankwalin matan wancan zamani, da yanayin kasuwa, da kukoki da ɗorawa a filin da yau ya zama unguwa. Tabkin Cadi na wancan lokaci ba shi ne na yau ba. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Dalar gyaɗa babu ko ɗaya. Abin da ya ɓace a ƙasa, in bai saura a fim ba, ina za a nuna wa jikoki shi?

Ga kuma abin da ya fi ci mana rai. Yawancin Hausar da jama'a suka ji a dandali ba ta cikin fim ɗin. Mai sharhi ne yake tsaye da lasifika yana zuba ta daga bakinsa, yana sa wa mutanen cikin hoto suna, yana jefa karin magana, yana sauya harshe in an shiga ƙasar Nufawa ko ta Barebari. Shi ne ya mayar da darasin Bature abin da Bahaushe zai zauna ya saurara. Ba a rubuta sunansa a farkon fim ba, ba a naɗi muryarsa ba. Mun binne da yawa daga cikinsu.

Da aka raba Jihar Arewa gida shida a 1967, kayan aiki suka watse, rediyo da talabijin suka karɓe fage, motoci suka mutu a kan duwatsu. Wasu gwangwanayen iyayenmu ne suka tsince su daga inda aka zubar. Mun rubuta takardu zuwa ofisoshi daban-daban, wasu an ce mana an karɓa, amsa dai shiru. A yau ɗalibin da yake son ganin Arewa ta 1950 tana motsi, ya fi sauƙin samunta a rumbunan ajiyar fim na Landan a kan ya same ta a Kaduna, garin da ya tura motocin. Maƙwabtanmu na Nijar, finafinan da Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauka a yankin kogin Kwara, na masu farautar dorina da na maharba zaki, an adana su, duniya tana kallo. Mu namu fa?

Kuma abin mai yiwuwa ne, an gwada an gani. Shaihu Umar, fim ɗin da marigayi Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata. Da aka gano faya-fayansa, ƙwararru a Jamus suka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Adamu Halilu kuwa a cikin wannan aiki namu na finafinan wayar da kai ya goge.

Saboda haka muke sake durƙusawa, ranka ya daɗe: ɗaki mai sanyi, da wuta mai amfani da hasken rana don kada sanyin ya yanke, da na'urar kwafewa. In kuɗin bana ba zai ɗauki duka ba, a fara da ɗakin, domin na'ura za ta iya jiran baɗi, fim ɗin ne ba zai jira ba.

Sauran buƙatunmu a taƙaice. A haɗa mu da Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos, ta horar da matasanmu wanke fim da lissafa shi. A turo masu naɗar murya su zauna da masu sharhin da suka rage, a kunna musu fim su yi magana a kai yadda suka saba, tun suna da ƙarfin yi. A nemo mana kwafin finafinan Arewa da ke Ingila, a ajiye inda ɗalibai za su gani, ko a Gidan Arewa ko a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna. A kuma tuna da zawarawan abokan aikinmu.

Mun san ana jiranka a wasu wurare. Muna roƙon minti biyar kacal kafin ka hau mota. Ɗakin yana nan bayan wannan rumfa, mabuɗin yana hannun dattijonmu, zai buɗe maka gwangwani ɗaya mai lafiya da ɗaya wanda ya riga ya tafi, ka gani da idonka.

Allah ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban kwamiti da sakatare, a madadin tsofaffin ma'aikatan majigi da iyalansu.