BLO da Faifan da Ya Sake Fitowa Bayan Shekara 40

Jama'a, ku dubi wannan faifan garmaho. Sunansa Chapter One, kundin farko na ƙungiyar BLO, wanda kamfanin EMI ya fitar a Legas a 1973.

Samari uku ne kacal: Berkley Jones a kan jita, Laolu Akins a kan ganguna, sai Mike Odumosu mai jitar bes. Daga Berkley, Laolu da Odumosu aka ɗauko haruffan BLO. Kafin su haɗa ƙungiyar, Berkley da Laolu sun yi yawon wasa a Turai da Amurka tare da Ginger Baker, makaɗin gangan nan na Ingila da ya yi zama a Legas. Da suka dawo gida, sai suka zuba abin da suka jiyo a tukunya ɗaya da kiɗan da suka tashi da shi: kukan jitar rok, rausayar fonk, da bugun ganga irin na ƙasar Yarbawa. Ku saurari Chant to Mother Earth ku ji yadda jitar ke jan murya, gangar kuma ba ta sake ta ba ko sau ɗaya. Mutum uku, amma ka rantse dandali cike yake.

To, da kaset ya zo, faifai ya ja baya. Zafi ya lanƙwasa wasu, ƙura da tsohuwar allura suka cinye wasu, 'yan ragowar kuma suka yi tsada a hannun masu tara tsofaffin faya-fayai.

A 2013 kamfanin Mr Bongo na Ingila ya sake buga shi. Yaya ake wannan aiki? Ana tace sautin, a zana shi siririn layi a kan faranti mai laushi, a yi masa hatimin ƙarfe, sannan a danna hatimin a kan robar da aka gasa. Layin nan shi allura ke bi.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne matashin da ya san Laolu Akins a matsayin wanda ya shirya kundin Ace na Shina Peters a 1989, yanzu zai iya jin sa yana saurayi, sanduna a hannu, yana dukan ganga da kansa.