Haɗa Jerin Kalmomin Helenanci da Ibrananci da Manhajar Nazarin Littafi Mai Tsarki

Salama gare ku, 'yan'uwa. Wannan bidiyo na ɗaliban makarantar tauhidi ne, da fastoci da masu bishara da ke nan Kano, waɗanda suka yi ajin Helenanci ko Ibrananci, suka ci jarrabawa, amma yau in aka buɗe musu nassi a harshensa na asali sai su yi ta kame-kame. Sau da yawa nahawun na nan a ka, kalmomin ne suka gudu.

Sabon Alkawari na Helenanci yana da kalmomi kusan 138,000 in ka ƙirga su bi da bi. Amma in ka cire maimaici, kalmomi daban-daban wajen 5,400 ne kawai. A cikinsu, ɗari uku da 'yan kai ne suke zuwa sau 50 ko fiye, kuma waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne kusan kashi 80 cikin 100 na duk abin da idonka zai gani a shafi. Kusan 2,000 kuwa sau ɗaya tak suka bayyana. To, wanda ya ɗauki ƙamus ya fara hadda daga alfa, harafin farko na Helenanci, yana ba kalmar da zai gamu da ita sau ɗaya a rayuwarsa ƙarfi daidai da wadda zai gani a kowace aya. Mai shago a kasuwar Sabon Gari ba ya zuba jarinsa haka. Kayan da ke tafiya kullum su yake fara sarowa.

Wannan dabara ta daɗe. Tun 1946 Bruce Metzger ya fitar da ɗan littafinsa da ya jera kalmomin Sabon Alkawari bisa yawan zuwansu. Abin da manhaja ta ƙara mana shi ne, yanzu kai da kanka za ka iya fitar da jerin littafi guda, wanda za ka yi wa'azi a kansa wata mai zuwa. A ganina nan amfanin yake, domin kalmar da ka haddace da safe, ka gamu da ita cikin aya da yamma, ita ce ke zama.

Manhajojin da aka fi sani su ne Logos da Accordance, kuma kayansu masu nauyi na kuɗi ne. BibleWorks da manyanmu suka yi amfani da ita ta rufe a 2018. In aljihu bai kai ba, akwai STEP Bible ta Tyndale House da ke Kambirij a Ingila. Kyauta ce, kuma ana iya sauke ta a kwamfuta a yi aiki ba intanet, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai lissafin data.

Yanzu ku duba allo. Na buɗe Wasiƙar Yohanna ta Fari, mai surori 5 da ayoyi 105. Da ita nake so mai farawa ya fara, don Helenancinta mai sauƙi ne kuma tana yawan maimaita kalma. A Logos akwai takarda ta musamman ta jerin kalmomi: ka ba ta sunan littafin, ta zubo maka duk kalmominsa tare da yawan zuwan kowace. A Accordance za ka nemo duk kalmomin littafin, sannan ka buɗe sashen ƙididdiga. A STEP kuwa, in ka ɗora kibiya a kan kalma, ma'anarta da yawan zuwanta za su fito, sai ka kwashe da hannu. Ya fi cin lokaci, amma littafi mai aya 105 ba zai gagare ka ba.

Ga wurin da nake so ku nutsu. Manhajar za ta tambaye ka ko siffar kalma kake so kamar yadda ta zo a aya, ko kuwa uwar kalmar, wadda masana ke kira lema, wato yadda take a ƙamus. Zaɓi lema. Mu da Hausa mun san doki da dawakai abu ɗaya ne, amma na'ura in ba ka gaya mata ba, biyu za ta ƙirga. A Helenanci abin ya fi haka tsanani. Kalmar “erkomai”, wato zuwa, in ta koma abin da ya wuce sai ta zama “elthon”. “Lego”, wato faɗa, ta zama “eipon”. Ba su ma yi kama ba. Don haka jerinka ya tsaya a kan lema, amma irin waɗannan masu rikiɗa ka buɗe musu gurbi a gefe, ka rubuta baƙuwar siffar, in ba haka ba za ka haddace kalma ka wuce ta a hanya ba ka gane ta ba.

Daga nan sai tankaɗe. Cire sunayen mutane da na garuruwa. Cire waɗanda ka riga ka sani. Sauran ka jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, ka duba alƙaluma biyu: sau nawa ta zo a wannan littafi, sau nawa a Sabon Alkawari duka. Kalmar “yutus”, wato nan da nan, Markus shi kaɗai ya yi amfani da ita wajen sau 40. Mai shirin koyar da Markus dole ta hau saman jerinsa.

Ibrananci ya fi faɗi. Lambobin Strong, wato lambobin da aka ba kalmomin asali na nassi ɗaya bayan ɗaya, na Tsohon Alkawari sun kai 8,674, na Sabon Alkawari kuwa 5,624. Fara da Yunana mai aya 48, ko Rut mai aya 85, ka bar Ayuba da Ishaya sai ka yi ƙwari. A nan, bayan lema, ka ƙara gurbin saiwa, domin yawancin kalmomin Ibrananci daga baƙaƙe uku suke tsirowa, kamar Larabci. Wanda ya tashi a Kano yana da riba a nan: kunnenka ya saba da ruhu, da annabi, da mala'ika, don haka “ruwak” da “nabi” da “mal'ak” ba za su wahalar da kai ba. Kamannin sauti dai taimakon hadda ne kawai, ma'ana sai ka tabbatar a ƙamus irin BDB, wato ƙamus ɗin Ibrananci na Brown, Driver da Briggs. Kuma in Daniyel ko Ezra ka zaɓa, ka sani akwai Aramiyanci a ciki, kamar Daniyel 2:4 zuwa 7:28. Ware shi daban.

Kada ka damu in alƙaluman manhajoji biyu suka ɗan saɓa. Wata tana ƙirga daga nassin da aka fassara King James da shi, wata daga nassin Helenanci na Nestle-Aland bugu na 28 na 2012.

Sai gurbin ma'ana, kuma a nan ina roƙonku. Manhajar da Turanci za ta ba ka ma'ana, amma kai da Hausa za ka tsaya gaban ikilisiya ran Lahadi. Buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda muke da shi cikakke tun 1932, ka ga yadda aka fassara kalmar a ayoyi biyu ko uku, ka rubuta ma'anar da Hausa, ka haɗa da guntun aya ɗaya. In ka tarar an fassara ta iri biyu, rubuta duka biyun.

Jerin ya kammala, sai a kai shi waya. Zuba shi a Excel ko Google Sheets, ka adana shi a matsayin CSV mai tsarin UTF-8, domin in ka manta wannan, baƙaƙen Ibrananci da wasulansu za su iya komawa alamomin tambaya. Shigar da shi cikin Anki, manhajar hadda mai nuna kowace kalma a kan kati, wadda kyauta ce a wayar Android. Ita ce za ta riƙa dawo maka da kalmar da ke ba ka wuya akai-akai, ta jinkirta wadda ta zauna. Tana zuwa da saitin sababbin kati 20 a rana; ni dai ina ba da shawarar ka rage zuwa 10, ka yi bitarsu ko a cikin adaidaita sahu ne, da dare kuma ka karanta ayoyi biyar daga littafin da ka ciro su. In ka gama Yohanna ta Fari, fitar da jerin Bisharar Yohanna, ka sa manhajar ta cire duk abin da ke cikin jerin farko, ka ci gaba da ragowar.